Gubar dalma, ƙiba da shanyewar ɓarin jiki

Idan aka ambaci gubar dalma a arewacin Najeriya, yaran jihar Zamfara ne ke fara faɗo wa mutane a rai. Sai dai binciken masana kiwon lafiya ya nuna cewa manya ma ba su tsira ba, illa dai cutar tasu takan ɗauki shekaru kafin ta bayyana, sau da yawa ta hanyar hawan jini, daga bisani kuma shanyewar ɓarin jiki.

Batun ya shafi mazauna kudancin jihar Sakkwato, irin su Fakku da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Kebbe da Tambuwal, ganin cewa Kebbe na iyaka da Zamfara ta gabas. Matashin da ya je cin rani wurin haƙar zinari na iya komawa gida da gubar a jininsa da kuma tufafinsa.

Abin da ya faru a Zamfara

A shekarar 2010 ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa yara na mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ciki har da Dareta da 'Yargalma.

Bincike ya nuna cewa duwatsun da ake haƙowa domin neman zinari na ɗauke da dalma mai yawa, kuma ana niƙa su ana shanya su a cikin gidaje. Yara fiye da 400 ne suka rasu.

An kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga ƙauyukan, an kuma yi wa dubban yara magani. Amma aikin jinyar ya fi karkata ne ga 'yan ƙasa da shekara 5, alhali iyayensu ne suka shaƙi ƙurar a bakin injin niƙa.

A shekarar 2024 kuma, hukumar daƙile cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta ce an ga dalma a jinin wasu daga cikin waɗanda wata cuta ta kwantar a ƙaramar hukumar Isa ta jihar Sakkwato.

Yadda gubar ke aiki a jikin babba

Dalma ba ta daɗewa a cikin jini, domin rabinta kan ragu cikin kimanin wata guda. Amma fiye da kashi 90 cikin ɗari na wadda ke jikin babban mutum tana cikin ƙashi ne, inda takan zauna shekaru aru-aru tana komawa cikin jini sannu a hankali, musamman lokacin goyon ciki da shayarwa da kuma tsufa.

Likitoci sun ce gubar na raunana ƙoda, tana kuma sa jijiyoyin jini su yi tauri, abin da ke haddasa hawan jini. Idan jijiya ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, sai ɓarin jiki ya shanye, wani lokaci ma a rasa rai.

Wani nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa a 2018, wanda ya tattara bincike 37, ya gano cewa haɗarin kamuwa da cutar ga waɗanda suka fi yawan dalma a jiki ya zarta na waɗanda suka fi ƙarancinta da kashi 63 cikin ɗari. An sami makamancin haka game da sinadarin kadmiyam, wanda ake samu a hayaƙin taba.

Masanan Bankin Duniya kuma sun ƙiyasta cewa manya miliyan 5.5 ne suka mutu a 2019 sakamakon cututtukan zuciya da jijiyoyin jini masu nasaba da dalma, akasarinsu a ƙasashe masu tasowa.

Ina ƙiba ta shigo?

Ƙiba da dalma hanyarsu daban, amma mahaɗarsu ɗaya, wato hawan jini.

Wani babban bincike mai suna SIREN, da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Ghana, ciki har da na Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa hawan jini na da hannu a kusan 9 cikin kowane 10 na masu shanyewar ɓarin jiki. Ya kuma sanya taruwar kitse a ciki, wato teɓa, cikin manyan abubuwan da ke jawo cutar.

Don haka mai teɓa da ke ɗauke da dalma nauyi biyu ne a kansa. Amma rashin ƙiba ba kariya ba ce. Manomi ko mahaƙi siriri, wanda bai taɓa zaton yana da hawan jini ba saboda ana ɗaukarsa ciwon masu hali, zai iya faɗuwa rana tsaka.

Matakan kariya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa.

Ba kuma wurin haƙar zinari kaɗai ake samunta ba. Tana cikin tsofaffin baturan mota da ake fasawa, da wasu nau'o'in fenti, da kuma wani kwalli. A 2012 hukumar CDC ta Amurka ta ba da rahoton wani tozali daga Najeriya da fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa dalma ce.

Masana na ba da shawarar kada a kai duwatsun cikin gida, a riƙa jiƙa su kafin niƙa domin rage ƙura, a kuma yi wanka a sauya tufafi kafin a koma ga iyali. Duk wanda ya taɓa yin wannan aiki, ko da shekaru sun shuɗe, ya kamata ya riƙa auna jininsa, ya rage gishiri da dunƙule, ya kuma sanar da likita sana'ar da ya yi.

Idan kuwa baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, likitoci sun ce a garzaya asibiti nan take, domin sa'o'in farko ne suka fi muhimmanci wajen ceto ran marar lafiya.