Enugu: Yawon Asabar da Ke Tsallake Ramukan Kwal

Ranar Asabar motoci kan hau hanyar Milliken mai murɗe-murɗe ɗauke da matasa da iyalai, su nufi dajin Ngwo, inda ake shimfiɗa tabarma a ci abinci, sannan a gangara kogo kallon ruwan da ke zubowa daga saman dutse. Kaɗan ne ke ratsewa zuwa Iva Valley, inda tsofaffin ramukan kwal suke, alhali ba don kwal ɗin da ke kwance ƙarƙashin tsaunukan nan ba, da babu birnin Enugu. A 1909 aka gano shi a yankin Udi, a 1916 layin dogo ya haɗa wurin da Fatakwal, leburori suka kwararo har unguwar Coal Camp ta kafu, wadda yau kanikawa da masu sayar da kayan gyaran mota suka mamaye. Ɗan Arewa ma ba baƙo ba ne a labarin: kwal ɗin nan ne makamashin jiragen ƙasa da suka yi jigilar gyaɗar Arewa da kuzar Jos, kuma Malam Umaru Altine, mutumin lardin Sakkwato, shi ne magajin garin Enugu na farko. A Iva Valley ɗin nan ne, ranar 18 ga Nuwamba 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 da ke yajin aiki, kisan da ya ƙara wa neman 'yancin kai wuta. Yawon da ya tsallake wannan wuri ya bar rabin garin.

Za a ce ramukan sun lalace tun da jirage suka koma amfani da dizal, yaƙin basasa ya zo ruwa ya cika su, shiga ciki kuwa ganganci ne. Gaskiya ne, amma ba sai an shiga rami ba. Bakin ramin da tsofaffin gidajen ma'aikata, waɗanda har yanzu mutane ke zaune a ciki, sun isa kallon yini guda idan aka share hanya aka sa alamu. Za a kuma ce mutane hutawa suka fito, ba zaman makoki ba. To mahaƙar kwal ta Zollverein da ke Essen a Jamus an rufe ta a 1986, ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2001, kuma iyalai na zuwa can shaƙatawa a ƙarshen mako. Abin da ya fi gaggawa a Enugu shi ne tsofaffin mahaƙan da za su iya yi wa baƙo jagora, domin shekaru sun ja, kullum raguwa suke yi.