Tsofaffin Sojojin Amurka da Haɗarin Magungunan Kashe Zafi

Sojan da ya dawo daga Iraki ko Afganistan yakan iso gida da ciwo biyu, na jiki da na ƙwaƙwalwa. Baya na ciwo, barci ya ƙaurace, ƙarar buga ƙofa ma sai ta firgita shi. Shekara da shekaru likitoci sun yi ta rubuta wa irinsa magungunan kashe zafi dangin oxycodone, suna haɗa masa da na kwantar da hankali kamar Valium. A nan gizo ke saƙar: kowannensu yana rage numfashi, in suka haɗu mutum na iya kwanciya bai tashi ba.

A 2013 ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wato VA, ta fito da shirin rage wannan haɗari. Ana bibiyar abin da likitoci ke rubutawa, ana ƙara ba da ƙarfi ga gashin ƙashi da motsa jiki. Daga 2014 aka soma raba naloxone, wanda ke farfaɗo da wanda magani ya yi wa yawa; yanzu a hanci ake fesa shi.

Sai dai yanke magani farat ɗaya ganganci ne. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta yi gargaɗin cewa hakan na iya jefa majinyaci cikin tunanin kashe kansa, don haka likita ne ke ragewa kaɗan-kaɗan.