Wa ya taɓa, yaushe, don me? Yadda ake sa Git ya nuna tarihin aiki daidai da buƙata

Ranar Juma'a 29 ga Maris 2024, wani injiniya Bajamushe da ke aiki a kamfanin Microsoft, Andres Freund, ya sanar cewa an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da kusan duk kwamfutar da ke tafiya da Linux ke ɗauke da ita. Ɗaya daga cikin abubuwan da ya lura da su bai taka kara ya karya ba: shiga wata kwamfutar gwaji ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da wannan ƙofa ta yaɗu, da mai mabuɗinta ya samu hanyar kutsawa cikin ɗimbin kwamfutoci a duniya ba tare da sallama ba.

Cikin 'yan awanni masana suka dukufa kan tambayoyi uku: wa ya sa ta, yaushe, kuma me da me ya taɓa? Inda suka nufa shi ne littafin tarihin aikin, wanda manhajar Git ke ajiyewa. A nan aka ga yadda wani mai amfani da sunan Jia Tan, wanda ake kyautata zaton sunan aro ne, ya shafe sama da shekara biyu yana turo gyare-gyare masu amfani, har mai kula da aikin, Lasse Collin, ya saki jiki da shi.

Littafin a buɗe yake ga kowa. Sai dai karanta shi sai wanda ya iya tambayarsa. Matasanmu da ke koyon rubuta manhaja, ko a makaranta ko a gida da kwamfutar aro, sukan koyi yadda ake ajiye aiki a Git, amma kaɗan ne ke tsayawa su koyi yadda ake duba abin da aka ajiye.

Mene ne Git?

Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finlan da ya ƙirƙiri Linux, shi ya rubuta Git a watan Afrilun 2005, bayan da aka janye izinin amfani da BitKeeper kyauta, manhajar da masu gina Linux ke dogaro da ita a lokacin. A watan Yulin shekarar ya miƙa ragamar ga Junio Hamano, wanda ya ci gaba da riƙe ta. Dandalin GitHub, da aka buɗe a 2008, Microsoft kuma ya saye a 2018 kan dala biliyan 7.5, a kan Git aka gina shi.

Aikin Git kamar na littafin mai kanti ne. Duk lokacin da ka kammala wani gyara, sai ka yi abin da masu sana'ar ke kira kwamit, wato ka ajiye hoton aikin yadda yake a wannan lokaci. Kowace ajiya tana ɗauke da sunan mai ita, adireshin imel ɗinsa, rana da lokaci, ɗan bayani, da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 40. Ita kanta Git, ajiyarta ta farko tana nan har gobe, da kwanan wata 7 ga Afrilu 2005, lambarta kuma ta fara da e83c516.

Umarnin buɗe littafin shi ne git log. Ba ya cin data ko kaɗan, domin tarihin duka yana cikin kwamfutarka. Matsalar ita ce idan ka rubuta shi haka kawai, kowace ajiya za ta cinye layi shida ko fiye, allo ya cika da huɗu ko biyar. A aikin da ke da ajiya 30 babu damuwa. Linux kuwa ya haura ajiya miliyan ɗaya. To ta ina za ka fara? (Af, idan allon ya riƙe ka, danna harafin q ka fita. Da yawa sun kashe kwamfuta saboda wannan.)

Rage surutu tukuna

Mataki na farko shi ne taƙaitawa:

git log --oneline

Kowace ajiya ta koma layi ɗaya: gajeriyar lambar shaida, galibi haruffa 7, sai kan bayanin. Manyan ayyuka kan buƙaci fiye da 7 don kada lambobi biyu su yi karo. Masu Linux suna amfani da 12.

Idan mutane da yawa ke aiki tare, kowa kan ja nasa reshen ya yi gyara, daga baya a haɗe. Don ganin yadda rassan suka rabu da inda suka haɗu:

git log --oneline --graph --all

Za ka ga zane a gefen hagu, taurari da layuka, kamar taswirar hanyoyin gari. Idan haɗe-haɗen sun yi yawa suna rufe maka ido, ƙara --no-merges ka kawar da su. Idan kuma babbar hanya kaɗai kake son bi, --first-parent zai bar ka a kanta.

Wani lokacin ƙarin bayani ake nema. Da --stat za ka ga fayilolin da aka taɓa da yawan layukan da aka ƙara ko aka cire. Da -p kuwa za ka ga gyaran kansa, layi bayan layi.

Tsara layin da hannunka

A nan ne daɗin yake. Git ya ba ka damar faɗin abin da kake so ya fito a kowane layi, da tsarin da zai bi:

git log --date=short --pretty=format:"%h %ad %an %s"

Kowace alama tana da ma'anarta. %h gajeriyar lambar shaida ce, %H kuma cikakkiya. %an sunan wanda ya rubuta gyaran, %ae imel ɗinsa, %ad ranar da ya rubuta, %s kan bayanin. Idan ka sa %ar maimakon %ad, za a gaya maka kwana nawa ko wata nawa ke nan da yin abin. %d yana nuna sunan reshe ko alamar da ke kan ajiyar. Akwai launi ma: %Cred ja, %Cgreen kore, %Cblue shuɗi, sai %Creset da ke mayar da rubutu launinsa na asali.

Kwanan wata ma naka ne ka zaɓa. --date=short yana ba da shekara, wata, rana, kamar 2024-03-29. Wanda ya saba da fara rubuta rana kafin wata sai ya sa --date=format:"%d/%m/%Y". Shi kuwa --date=iso yana ƙara lokaci da bambancin agogo. Abokin aikinka da ke Akara ko Kumasi zai fito da +0000, na Yawunde, Garwa, Yamai ko Kano kuma +0100. Idan kana son a juya komai zuwa agogon garinku, --date=local ne maganin.

Babu mai son buga dogon umarni kullum. Sai ka raɗa masa suna sau ɗaya, kuma ba dole sunan ya zama na Turanci ba:

git config --global alias.tarihi "log --graph --date=short --pretty=format:'%Cred%h%Creset %ad %Cblue%aN%Creset %s'"

Daga ranar, git tarihi kawai za ka rubuta. Kana iya ƙara masa wasu sharuɗɗa a baya, misali git tarihi -10 don ganin ajiya goma na ƙarshe.

Tankaɗe da rairaya

Tsari mai kyau bai wadatar ba idan layukan dubu ne. Sai a tace. --since="2024-02-01" da --until="2024-03-31" suna yanke maka tsakanin ranaku biyu. --grep yana neman kalma a cikin bayanan ajiya. Idan ka rubuta sunan fayil a ƙarshen umarnin, tarihin wannan fayil kaɗai za a nuna, --follow kuma yana bin sa ko da an taɓa sauya masa suna.

Akwai wani da ya fi su kaifi, wato -S. Ka ba shi kalma ko guntun rubutu, zai zaƙulo ajiyar da aka fara sa shi da wadda aka cire shi. Ranar da manhajar da ke aiki lafiya jiya ta wayi gari ta ƙi, wannan ne ke nuna maka inda gizo ke saƙa.

Shi kuma --author yana tace ta suna ko ta imel, kuma ya taɓa yin rana. A watan Afrilun 2021, Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da Linux, ya dakatar da karɓar gyara daga Jami'ar Minnesota ta Amurka, bayan wasu masu bincike a can sun turo gyare-gyare masu lahani da gangan don gwada ko za a gane. Dole aka koma aka sake duba ɗaruruwan ajiyoyin da suka zo daga adireshin jami'ar. Abin da ya sa hakan ya yiwu cikin sauƙi shi ne kowace ajiya tana ɗauke da imel, kuma layi ɗaya ya isa a jero su duka.

Mai rubutu daban, mai shigarwa daban

Ga wani abu da masu koyo kan tsallake. Kowace ajiya sunaye biyu gare ta da ranaku biyu: na wanda ya rubuta gyaran, da na wanda ya shigar da shi cikin rumbun aikin. Idan kai kaɗai kake aiki, duka biyun kai ne. A babban aiki kuwa sukan bambanta, kuma git log na yau da kullum na farkon kaɗai yake nunawa. Don ganin duka:

git log --pretty=fuller

A layin da ka tsara da kanka, %cn da %cd su ne sunan mai shigarwa da ranarsa. A lura kuma: --since da --until da ranar shigarwa suke aiki, don haka kana iya ganin ajiya mai tsohon kwanan wata a cikin sakamakon makon jiya.

A batun xz wannan bambanci ya yi amfani. A farko Jia Tan ke rubutawa, Collin ke shigarwa. Daga baya sunan Jia Tan ya bayyana a gurabe biyun, alamar ya samu mabuɗin rumbu. Masu bincike sun kuma jero agogon ajiyoyinsa: yawancinsu +0800, agogon Sin da maƙwabtanta, amma wasu 'yan kaɗan sun fito da +0200 da +0300. Wannan ya sa da dama suka yi zargin cewa agogon ma na aro ne.

Sunayenmu da haruffanmu

Akwai matsaloli biyu da suka fi shafar mu. Na farko rubutun suna. Mutum ɗaya ne, amma a kwamfutar ofis ya rubuta Abubakar, a ta gida Aboubacar, a wata kuma Abubakari, gwargwadon ko takardunsa na tsarin Ingilishi ne ko na Faransanci. Idan aka buga git shortlog -sn don ƙirga ajiyar kowa, sai ya fito mutum uku, aikinsa ya rabu kashi uku. Ga mai neman aiki da ke nuna gudummawarsa a matsayin shaida, wannan asara ce. Maganin shi ne ƙaramin fayil mai suna .mailmap a cikin rumbun, inda ake rubuta sunan da aka zaɓa tare da duk adiresoshin da mutum ya taɓa amfani da su. Shi ya sa a umarnin tarihi na sama aka sa %aN da babban harafi: shi ne ke bin wannan fayil, %an ba ya bi.

Na biyu haruffa masu lanƙwasa, ɗ da ƙ da ɓ. Git yana karɓar bayanin ajiya da Hausa ba tare da gardama ba. Amma idan sunan fayil ne ke ɗauke da irin waɗannan haruffa, zai nuna maka shi a matsayin jerin alƙaluma marasa kan gado. Layi ɗaya ke warware shi:

git config --global core.quotepath false

Abin da littafin ba zai faɗa ba

Kada mai karatu ya ɗauka duk abin da git log ya nuna gaskiya ne tsagwaronta. Git ba ya tantance suna ko imel. Abin da ka gaya masa shi yake rubutawa. Kwanan wata ma ana iya sa na ƙarya. Domin haka ne wasu ayyuka ke buƙatar a sa wa ajiya hannu da mabuɗin sirri, --show-signature kuma ke nuna ko sa hannun ya inganta. Sannan akwai abin da bai shiga littafin ba sam. A xz, gurɓatattun fayilolin da aka ɓoye a matsayin kayan gwaji suna cikin tarihin, amma guntun da ke tayar da su a cikin ƙunshin da aka rarraba wa jama'a kaɗai yake, a fitowa ta 5.6.0 da ta 5.6.1.

Abu na ƙarshe ya rataya a wuyan mai rubutu. Duk ƙawar da ka yi wa allo, %s abin da aka rubuta zai fito da shi. Idan bayanin ajiya ashirin a jere "gyara", "gyara 2", "na ƙarshe" ne, babu launin da zai sa su yi magana. Al'adar masu sana'ar ita ce layin farko ya zama gajere, kimanin haruffa 50, ya faɗi abin da aka yi; a bar layi ɗaya fili, sannan a bayyana dalili. "An hana kuɗin makaranta fitowa sau biyu a rasit" ya fi "gyara" amfani nesa ba kusa ba, musamman ga wanda zai gaji aikin bayan wata shida, wanda sau da yawa kai ne da kanka bayan ka manta.

Mai son gwadawa ba sai ya jira babban aiki ba. Ya buɗe duk rumbun da ke kwamfutarsa yau, ya buga git log --oneline, ya karanta layuka goma na sama. Idan baƙo zai iya gane abin da ya faru daga waɗannan layuka, madalla. In ba haka ba, gyaran daga ajiya ta gaba zai fara.