Ɗinki Ba Ya Warwarewa Don Majinyaci Ya Taka Ƙasa

Na gaji da ganin abin nan wajen mutanenmu na Dambatta, Makoɗa da Kunci. An tsara wa mutum aikin hanji a Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala, sau da yawa don a mayar da hanjin da aka fito da shi ta ciki bayan taifot ya huda shi. Aiki ya yi kyau. Washegari nas ta ce ya tashi ya ɗan taka, tana juya baya sai ’yan jinya su danne shi a gado: "Kwanta, Baba, kar ɗinki ya warware!"

Haba jama'a! Wa ya ce muku ɗinkin likita irin na bakin buhu ne? Kwanciyar nan ita ce haɗarin. Jinin ƙafa yakan daskare ya zama guda, gudan ya tafi huhu ya kashe mutum farat ɗaya, a ce ajali ne. Majina ta taru a ƙirji ta zama ciwon huhu. Hanjin kansa, da yake yin sanyi bayan fiɗa, motsi ke farkar da shi. Tun shekarun 1990 likitan fiɗa Henrik Kehlet na Denmak ya nuna cewa wanda aka tayar da wuri, aka ba shi abinci da wuri, yana iya komawa gida cikin kwana 2 ko 3 maimakon mako guda ko fiye.

Ƙarancin jini da ciwon suga su ma suna jinkirta warkewa. A gwada kafin ranar aiki.

Abin yi: mai shan taba ya ajiye ta makonni kafin aiki. Abinci mai nauyi a tsaya da shi awa 6 kafin a sa majinyaci barci, kuma kada a ɓoye wa likita in an ba majinyacin kunu a asirce. Bayan aiki, ya zauna, ya taka, ya ja dogon numfashi. Zai yi tari, ya dafe cikin da matashi. Ya fara da ruwa da koko lokacin da likita ya yarda. Jiƙo da saiwa a bar su a gida. In ya dawo gida, yawo a tsakar gida da zuwa masallaci ba laifi, amma huɗa, daka, jan guga da ɗaukar buhun gero sai bayan kamar mako 6.

In kuwa zazzaɓi ya taso, ciki ya kumbura, amai ya ƙi tsayawa ko wurin ɗinkin ya fara ruwa, wataƙila mahaɗar hanjin ce ke yoyo. A nemi mota a daren, kada a jira kasuwar Dambatta ta ci a sayar da akuya.