Annoba da Dukiyar Gwamnati

A shekarar 2020 cutar korona ta game duniya. Cikin watan Afrilu ta shigo Kano, aka rufe gari, aka hana cin kasuwa, ga kuma azumi ya kama. A wannan wata Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ranta wa Nijeriya dala biliyan 3.4.

To, a lokacin lafiya, ba a ba da kwangilar gwamnati sai an yi shela, 'yan kwangila sun yi takara. Amma in annoba ta zo, gaggawa ake yi, sai a tsallake wannan ƙa'ida. Ta nan ɓarna takan shiga: ko a ƙara kuɗin kaya, ko a ba ɗan'uwa kwangila, ko kuwa rabon talaka ya faɗa hannun mai hali. Cikin watan Mayu hukumar yaƙi da cin hanci ta Kano ta kama shugaban ƙaramar hukumar Kumbotso, bisa zargin karkatar da tallafin talakawa.

Hausawa sun ce, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Watau dukiyar da ba a tsare ba ita ke kiran ɓarawo. Shi ya sa, da za a karɓi rancen nan, Nijeriya ta yi alkawarin bayyana sunayen kamfanonin da aka ba kwangila, a kuma binciki lissafin kuɗin.