Ranar da Intanet Ta Yanke, Wa Zai Kai wa Injiniya Labari?

Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa naira 6, bankuna ma suka bi sahu a kuɗin alat. Daga nan wata magana ta shiga bakin masu riƙe da lalitar ofisoshi: don me za a ci gaba da biyan kuɗin tes domin na'ura ta sanar da injiniya cewa netwok ya faɗi, alhali ga WhatsApp da Telegram da imel, ba a cajin ko kwabo kan saƙo? Maganar tana da daɗi a kunne, amma akwai rami a ƙarƙashinta.

Duk inda ake riƙe da netwok da gaske, asibiti ne ko jami'a ko ƙaramin banki, akwai manhajar sa ido irin su Zabbix ko Nagios ko PRTG, tana leƙa kowace na'ura minti-minti. Gano matsala ba ya ba ta wuya. Abin tambaya shi ne ta wace hanya labarin zai fita daga ginin ya iske mutumin da ke barci a gidansa da ƙarfe biyun dare. WhatsApp da Telegram da imel duk a kan intanet ɗin ofishin suke hawa. To idan intanet ɗin ce ta mutu fa? Gada ta karye, an tashi yaro ya haye gadar ya je ya shaida wa hakimi. An ɗauki mai gadi, an rataye masa usur ɗinsa a cikin shagon da ɓarayi suka riga shi shiga. An sa ƙararrawar da za ta yi kuka idan an ɗauke wuta, ita kuma da wutar NEPA take aiki. Manhaja za ta rubuta saƙonta tsaf, ya zauna a ciki yana jira, sai an gyara layin da safe sannan ya iso kamar gaisuwar bayan biki.

Abin da ya fi damuna shi ne masu bugun ƙirji suna cewa su ai da tes suke aiki, hankalinsu kwance. Ka tambaye su yadda tes ɗin yake fita, sai ka ji ta hannun dillalan saƙo ne, irin su Twilio ko Termii ko Africa's Talking. Waɗannan kamfanoni suna aikinsu, ba laifinsu ba ne. Amma kafin su mayar da saƙonka tes, dole manhajarka ta miƙa musu shi ta intanet. Ƙarshen tafiyar ne kawai tes, farkonta kan waccan gadar dai take. Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, ana cikin azumi, manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma. Intanet ta yi rauni daga Kwaddibuwa har Najeriya, manhajojin bankuna suka riƙa ƙin buɗewa. Duk wanda alat ɗinsa sai ya tsallaka teku ya dawo, a ranar yana cikin masu roƙon sa'a. Masu dogaro da WhatsApp kuwa su tuna 4 ga Oktoba 2021, lokacin da shi da Facebook da Instagram suka ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya.

Akwai kuma lambar 2442 da NCC ta kawo a 2016 domin hana saƙonnin talla. Idan injiniyanka ya kunna ta a layinsa, kai kuma dillalinka ya tura alat ta hanyar talla mai araha, saƙon ba zai shiga ba. Sai an nemi hanyar da bankuna suke bi da lambobin sirri, ita kuma ta fi tsada. Tsohuwar dabarar tura imel ya koma tes ma tana mutuwa a inda aka fi saninta, domin AT&T na Amurka ya rufe tasa a watan Yunin 2025.

Hanyar da na fi yarda da ita tsohuwa ce, ba ta da kwalliya: modem mai cin sim, a jone kai tsaye da kwamfutar sa ido. Zabbix yana iya magana da shi da kansa, ga kuma manhajojin kyauta irin su Gammu da Kannel. Saƙon yana tashi daga ɗakin zuwa turken sabis mafi kusa, ba ruwansa da intanet ɗin ofis. Sai dai shi ma ɗan lallashi ne. Ɗakin na'urori yawanci a ƙuryar gini yake, sabis ba ya shiga sosai, don haka a ja masa eriya waje. A ɗora shi da kwamfutar a kan batir. A yi wa layin rajista da sunan ma'aikata, kada a bar shi da sunan wani ma'aikaci da zai iya barin aiki gobe. Layin da aka daɗe ba a mora ba kamfani yana iya rufe shi, kati kuma yana ƙarewa ba sallama. Kuma a sa sim biyu na kamfanoni daban-daban, domin a ƙarshen Fabrairun 2024 yankewar wayoyin ƙarƙashin ƙasa ta hana ɗimbin masu layin MTN kira na tsawon sa'o'i.

Wani abu ƙarami da ya shafe mu masu rubutu da Hausa: tes guda yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ta shiga, sai ya koma 70, saƙo ɗaya ya rabu gida biyu ko uku, kuɗi ya ninka. Alat ya zama gajere: wace na'ura, me ya same ta, ƙarfe nawa. Kuma kada a tura komai da komai. Wanda wayarsa ta yi ƙara sau ɗari a dare saboda takardar firinta, ranar da gobara ta tashi ba zai duba ba.

Ban ce a yar da dillalan saƙo ko Telegram ba. Su riƙe harkar yau da kullum, modem ya tsaya wa ranar baƙin ciki. Abin takaici shi ne ofishin da ya kashe miliyoyi a kan na'urori, amma takardar sayen katin dubu biyu sai ta yi wata guda a teburin oga.

Idan kai ne mai riƙe da netwok, ka zaɓi wata rana cikin makon nan, ka sanar da abokan aiki, ka zare wayar intanet ta ofis da hannunka, ka tsaya riƙe da wayarka minti biyar. In tes bai shigo ba, ka gyara kafin ka tashi aiki.