Ɗora Hannu A Kan Aikin Magabata: Tahamisin Sakkwato Da Ƙagaggun Labaran Kimiyya

Gabatarwa

Marubuci yakan rasu ya bar aikinsa a hannun jama'a. Wani lokaci aikin ya riga ya kammala, wani lokaci kuwa ajali kan riske shi alƙalami na tsakiyar shafi. Sai a wayi gari wani ya taso daga baya, ko ɗa ko ƙane ko almajiri, ya ce zai ƙarasa ko zai ƙara. Abin da ya kamata ya dami ɗalibin adabi a nan shi ne sanin inda maganar mai aikin asali ta tsaya, da inda ta magajinsa ta soma. Wannan maƙala za ta duba yadda al'ummu biyu da ke nesa da juna suka fuskanci matsalar, wato marubutan ƙagaggun labaran kimiyya na Amurka, da kuma malaman jihadi waɗanda suka zauna a ƙasar Boɗinga.

Yadda Abin Ya Kasance Ga Turawa

Ƙagaggen labarin kimiyya shi ne wanda aka gina a kan abin da ilimin zamani zai iya haifarwa, kamar tafiya wasu duniyoyi ko injuna masu tunani. Mai karatun Hausa ya san irinsa a littafin Umaru Dembo, Tauraruwa Mai Wutsiya, na 1969. Daga cikin mafiya shahara a wannan fanni akwai Dune na Frank Herbert, wanda ya fito a 1965. Labari ne na wata duniya mai suna Arrakis, wadda duk hamada ce, ruwa ya fi zinariya daraja a cikinta, manyan gidajen sarauta kuma suna kashe juna saboda wani sinadari da babu shi ko'ina sai can. Bahaushe ba zai ji baƙunta sosai a littafin ba, domin marubucin ya aro kalmomi irin su Mahadi da jihadi daga Larabci ya zuba a ciki.

Herbert ya rubuta littattafai 6 a kan wannan labari. Na ƙarshensu ya fito a 1985 ba tare da an warware ƙullin ba, shi kuma ya rasu a 1986. Bayan shekara 13, wato a 1999, sai ɗansa Brian Herbert ya haɗa hannu da wani marubuci, Kevin J. Anderson, suka shiga fitar da sababbin littattafai. Sun fara da ba da labarin abin da ya gabaci na uban. Daga baya, a 2006 da 2007, suka fitar da littattafai biyu waɗanda suka rufe labarin, suka ce sun dogara ne da wasu takardun tsari da marigayin ya bari a ajiye a banki. Littattafan da waɗannan mutum biyu suka rubuta sun ninka shidan farko fiye da sau biyu.

Haka ya faru ga jerin Foundation na Isaac Asimov, wanda ya rasu a 1992. Magadansa sun ba marubuta uku izini, Gregory Benford da Greg Bear da David Brin, kowa ya rubuta littafi ɗaya tsakanin 1997 da 1999.

Masu karatun Dune sun rabu biyu. Wasu sun yi murna da ganin ƙarshen labari, wasu suka ce an saka wa ɗan akuya fatar zaki. Amma gardamar ba ta da ranar mutuwa, saboda dalili guda: mai karatu ba shi da hanyar da zai ɗora yatsa a kan shafi ya ce wannan tunanin uba ne, wancan kuwa na ɗa ne. An dama furar an gauraya ta da nono, ba mai iya tsame gero daban.

Tahamisi

Malaman ƙasar Hausa sun daɗe da sanin ƙarasa aikin wani. Tafsirin Jalalaini da ake karantawa a masallatai kowane watan azumi aikin mutum biyu ne. Jalaluddin Mahalli ya yi daga Suratul Kahfi zuwa ƙarshen Alƙur'ani, ya ƙara da Fatiha, ya rasu a 1459. Jalaluddin Suyuɗi ya zo ya cike daga Baƙara zuwa Isra'i. An san iyakar gonar kowannensu.

A fagen waƙa kuwa, hanyar da aka fi bi ita ce tahamisi. Kalmar daga Larabci take, ma'anarta mayar da abu biyar. Idan waƙa 'yar ƙwar biyu ce, wato kowane baiti yana da ɗango biyu, sai mai tahamisi ya tsara nasa ɗango uku ya ɗora su a sama, ya bar na mai waƙa a ƙasa yadda ya same su. Baitin ya zama ƙwar biyar ke nan. Sharuɗɗan suna da tsauri. Dole ya bi karin da mai waƙa ya bi. Dole amsa-amon ɗangayensa uku ya dace da na ɗangon farko na baitin asali. Dole kuma ma'anarsa ta gangaro ta faɗa cikin ma'anar da ya tarar, har mai saurare ya ji kamar baki ɗaya ne ya furta su. Ba shi da ikon sauya harafi ɗaya na abin da ya gada, kuma kullum mai waƙar asali ne ke da magana ta ƙarshe a kowane baiti.

Ishiriniyar da ake rerawa a lokacin Maulidi ita ce misalin da kowa ya sani. Alfazazi, mutumin Andalus wanda ya rasu a 1230, shi ya tsara ta, Ibn Muhibu ya yi mata tahamisi, kuma a haɗe ake karanta su har yau. Malam Abdullahi Ɗanfodiyo ma ya yi wa waƙar yabon Annabi ta yayansa Shehu, wadda ake kira Daliyya, tahamisi da Larabci.

Daga Sifawa: Waƙa Ɗaya, Hannu Uku

Bayan cin Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya koma Sifawa, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta yanzu, ya zauna can har 1815 sa'ad da ya ƙaura zuwa Sakkwato. Ƙanensa Malam Abdullahi yana kusa da shi a garin Boɗinga. Shekaru ne na nasara, amma ba na kwanciyar rai ga Shehu ba. Mulki ya zo hannun jama'arsa, ga shi kuwa wasu daga cikin waɗanda aka damƙa wa amana sun soma aikata irin abin da aka yaƙi sarakunan Gobir a kansa. A wajajen 1812 ya tsara wata waƙa da Fulatanci, wadda aka fi sani da sunanta na Hausa, Tabbat Haƙiƙa. Gargaɗi ce ga masu mulki da alƙalai da sauran jama'a game da zalunci da cin hanci da ƙwace dukiyar talaka, tare da tunatar da su azabar da ke jiran mai yin haka ranar gobe.

Shehu ya rasu a 1817. A wajajen 1831, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, 'yarsa Nana Asma'u ta juya waƙar zuwa Hausa. Dalilin a fili yake. Mafi yawan talakawan daular Hausa suke ji, su ne kuma waɗanda zaluncin ke faɗa wa. Waƙar da ta tsaya a Fulatanci ta isa kunnen masu mulki, amma da ta shiga Hausa sai wanda ake mulka ya san abin da Shehu da kansa ya faɗa a kan haƙƙinsa. Daga baya ƙanenta Isa, wanda ake kira Isan Kware, ya yi wa fassarar tahamisi. Shi Isa an haife shi ne a shekarar da mahaifinsa ya rasu, saboda haka bai zauna gaban Shehu ya ɗauki karatu ba. Abin da ya sani na mahaifinsa ta hannun 'yan'uwansa da takardu ya same shi. Shi ne kuma ya mayar da waƙar Asma'u ta tarihin jihadi daga Fulatanci zuwa Hausa, wato Waƙar Gewaye.

Ashe ke nan wanda ya ji ana rera Tabbat Haƙiƙa da Hausa, muryoyi uku yake ji a baiti guda: ma'anar ɗango biyu na ƙarshe ta Shehu ce, lafazinsu na Asma'u ne, ukun farko kuma na Isa ne gaba ɗaya. Isa da Brian Herbert matsayinsu ɗaya ta fuskar cewa dukansu 'ya'ya ne da suka ɗora a kan aikin uba bayan rasuwarsa. Inda suka rabu shi ne, shi Isa tsarin waƙar da kansa ya shata masa iyaka, har yaro mai ƙidaya da yatsu zai iya nuna inda ya tsaya. Haka kuma tushen izininsu ya bambanta. A Amurka magada ne ke riƙe da haƙƙin mallakar littafi, su ke zaɓen wanda zai ci gaba, ciniki kuma yana da hannu a yawan abin da za a fitar. A Sakkwato ta wancan zamani ba a sayar da waƙa, sai dai a kwafe ta da hannu a haddace. Abin da ke ba mutum damar taɓa aikin malami shi ne a san yana da ilimin da zai iya ɗaukar nauyin.

Duk da haka ba za a ce tahamisi ya kuɓuta daga aibi ba. Iyakar nan a takarda take bayyana, a kunne kuwa ɓacewa take yi. Mai saurare a zaure yakan ce "waƙar Shehu ce", ya haɗa duka biyar ɗin ya jingina masa. Ba safai ake rasa ɗalibin da zai ciro ɗango daga tahamisin Isa ya kafa hujja da shi a kan salon Hausar Shehu ba, alhali kuwa ko ɗango biyun ƙarshe ba da Hausa Shehu ya tsara su ba. Bugu da ƙari, ƙarin ɗango uku yakan sassauta baitin da ƙarfinsa ke cikin gajartarsa. Magana biyu mai kaifi idan aka yi mata shimfiɗa uku, wani lokaci ta ƙara haske, wani lokaci kuma ta yi sanyi kafin a kai gare ta. Gwanintar mai tahamisi a nan ake auna ta.

Shagari Da Wata Irin Gādo

Idan aka bar Boɗinga aka bi hanyar Tambuwal, za a iske garin Shagari, mahaifar Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, ya rasu a 2018. Tun yana malamin makaranta a Sakkwato, a 1948, ya tsara Waƙar Nijeriya don koyar da labarin ƙasa da tarihi. Bai ɗora a kan baitin kowa ba. Abin da ya gada daga mutanen Sifawa shi ne dabarar zuba ilimi a cikin waƙa domin ya zauna a ka. Shi ne kuma ya haɗa hannu da Jean Boyd suka rubuta littafi a kan shugabancin Shehu a 1978, ita kuwa daga baya, tare da Beverly Mack, ta tattara ayyukan Nana Asma'u aka buga a 1997.

Waƙar tasa ta faɗa cikin wata matsala da ba ta sami Tabbat Haƙiƙa ba. Gargaɗi a kan zalunci ba ya tsufa, amma labarin ƙasa yana tsufa. A 1948 Nijeriya tana hannun Ingila, an kasa ta yanki uku, Legas ce hedkwata. An sami mulkin kai a 1960, an yi jihohi 12 a 1967, suka zama 19 a 1976, hedkwata ta koma Abuja a 1991, jihohi suka kai 36 a 1996. Malamin firamare a Shagari ko Yabo da ke son ya koyar da yara da wannan waƙa a yau, dole ya yi musu ƙarin bayani da baki. Idan kuwa wani mai hikima ya ce zai tsara baitocin da za su kawo ta zuwa yau, tahamisi ba zai fisshe shi ba, domin tahamisi faɗaɗa abin da aka faɗa yake yi, ba ya kawo labarin da ya auku bayan mai waƙa. Sai dai ya bi hanyar Suyuɗi, ya ja layi a inda marigayin ya ajiye alƙalami, ya rubuta sunansa da shekarar da ya soma a ƙarƙashin layin.